Allura a Cikin Zomo

Sai da ta zo yi wa 'yar agwagwa baki sannan ta nemi ƙaramar allurarta ta rasa.

Da farko ba ta damu ba. Ta duba ɗan matashin da take soke allurai, doguwar tana nan, mai kaurin tana nan, amma ƙaramar da take yin ido da hanci da ita babu. Ta kakkaɓe siket ɗinta, ta ɗaga tabarma, ta zazzage kwandon guntayen ƙyalle a tsakar ɗaki. Ja da kore da ruwan ƙwai suka watsu ko'ina. Irin ƙyallen nan ne na ulu da aka matse, mai kauri da laushi, wanda ko yaya aka yanka shi ba ya warwarewa. Da shi take ɗinka 'yan tsana da takalman jarirai da taurarin da ake ratayawa a saman gadon yaro. Saboda wannan sana'a mijinta ya laƙaba mata Tela, har sunan ya bi ta a unguwa.

Tana durƙushe tana shafa siminti da tafin hannu, sai hannun ya tsaya cak. Sai ta tuna.

Jiya da la'asar tana yi wa farin zomo hanci da jan zare, cikinsa a buɗe, auduga ta leƙo. Sai ta ji ƙarar babur ɗin mijinta a ƙofar gida, ita kuwa har yanzu in ta ji wannan ƙara zuciyarta tsalle take kamar ranar da ya fara zuwa zance. Ta datse zaren da haƙori, ta soke allurar a cikin audugar, ta ruga buɗe ƙofa. Haka take yi kullum in an katse ta, don kada allura ta ɓace a kan gado, in ta dawo ta zare abarta. Jiya kuwa hira ta yi daɗi. Da ta koma kan aikin sai ta ƙara cusa auduga, ta ɗauki doguwar allura, ta rufe cikin zomon ruf da ɗinki mai kyau.

Zomon kuma ba ya gidan. Yau da safe ta miƙa shi da hannunta ga Yaya, yayar mijinta, da ta biyo yin sallama za ta koma garin da take aure. Yaya ce ta riƙe ƙanenta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa, ita ce suruka. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai bara Allah ya ba ta namiji, aka sa masa sunan mahaifinsu, take kiransa Babana. Yaron haƙora sun fara tsiro masa, duk abin da ya kama sai baki. Yana karɓar zomon ya cusa kunnensa a baki, ya matse cikin da hannu biyu yana dariya. Yaya, wadda ta sha cewa ƙanenta ya auro mai wasan 'yar tsana, ta juya zomon ta duba, ta ce, "Ashe dai hannun naki na da amfani." Tun safe Tela take juya wannan magana a ranta kamar alewa.

"Innalillahi," ta ce a hankali, ta rarumo waya.

Wayar Yaya a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta san halinta, in za ta yi tafiya kashe waya take ta tura can ƙasan jaka saboda 'yan sane. Ta kira mijinta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta jefa almakashi a jaka, ta fizgi mayafi, ta fita ko ƙofa ba ta ja ba.

Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Tun daga nesa ta ji kiɗa na tashi yana yankewa, ana gwajin lasifika. Gyaran rediyo da kayan sauti yake yi, ita kuma Injiniya take ce masa, rabi tsokana rabi alfahari. Ta same shi a sunkuye kan wani buɗaɗɗen akwatin sauti, guntuwar wayar lantarki a baki, hayaƙin dalma na tashi.

Ya ɗago ya yi murmushi. "Telata da kanta? Yau kuma kewar tawa ce ta…" Sai ya ga fuskarta, ya kashe kiɗan. "Lafiya?"

"Allura. Na bar allura a cikin zomon."

"Wane zomo?"

"Na Babana! Wanda na ba Yaya!"

Ya cire wayar daga bakinsa a hankali. "Kin tabbata? Kin duba ƙarƙashin gado?"

"Na duba ko'ina. Ni na soke ta da hannuna, lokacin da ka dawo jiya. Wayarta a kashe. Injiniya, a bakinsa yake sa shi, na gani da idona!"

Bai ƙara tambaya ba. Ya dubi agogon bango, ya ce motar azahar za su shiga, in Allah ya sa ba ta cika da wuri ba za su same su. Ya jawo wata matacciyar lasifika daga ƙarƙashin tebur, ya buga mata guduma, ya ɓamɓaro baƙin maganaɗisun da ke bayanta, ya jefa a aljihu. Ya leƙa ya ce wa mai faci, "Maƙwabci, ga shago nan."

"Ina zuwa haka da amarya tsakar rana?" in ji mai faci yana dariya. Suka wuce shi suka haye babur.

Babur ya ɗauki hanya. Ta riƙe rigarsa ta baya da hannu biyu, iska na dukan fuskarta tana busar da hawaye kafin su kai haɓa. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar ita aka soka. Idonta ba ya ganin titi, abin da take gani ɗan jan dasashin yaron ne, da yadda yake danna cikin zomon da dukkan ƙarfinsa. Ta san kayan aikinta sarai. Auduga ba ta riƙe allura, ana matsawa tana tafiya, ƙyallen kuma ba ya tare tsini.

A shataletale suka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiya, masu ƙananan motoci na ta danna oda suna zage-zage. Ya kutsa ta gefen kwata, gwiwarta na gogar jikin motoci, har suka zo inda ko akuya ba za ta wuce ba. Ya sa ƙafa a ƙasa ya waiwayo.

"Ji mana. In mun same su, kada ki ambaci allura. Ki ce idon zomon ne bai zauna ba, za ki gyara. Ki karɓa, mu koma gefe mu cire, mu mayar mata. Shi ke nan."

"Ƙarya zan yi mata?"

"Kin san Yaya. A kan yaron nan ba ta da uwa ba ta da uba. In ta ji kalmar allura, wallahi har mu tsufa ba za ta bar maganar ba. Ni ke nake ji."

Ta kifa goshinta a bayansa. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san saboda ita yake faɗa, shi da bai taɓa ɓoye wa yayarsa ko ciwon kai ba. Wannan ya sa ta ƙara son sa, ya kuma sa kukan ya ƙaru.

"To," ta ce. "Mu dai isa."

Wani mai tura kurar kaya ya ja ta gefe, hanya ta ɗan buɗe, suka fice.

Tashar cike take maƙil. 'Yan kamasho na kiran garuruwa, masu talla na bin tagogi, warin fetur da zafin rana sun haɗu. Ya jingine babur ɗin ko makulli bai cire ba sai da ta tuna masa. Suka rabu, shi dama ita hagu, suna leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa ta farko, ba su. Ta biyu, wata mai goyo ce amma ba Yaya ba. Wani ɗan kamasho ya tare ta, "Hajiya ina za ki? Saura mutum ɗaya!" Ta kauce masa. Idan motar ta tashi fa? Tafiyar yini ce, hanya duk gargada, yaro a ƙirji da zomo a tsakani.

"Tela! Nan!"

Yana tsaye jikin wata farar bas da aka riga aka ɗaure wa kaya, direba na zagaye yana buga tayoyi da ƙafa. Yaya na zaune a bakin taga. Ta kwance goyon ta rungume yaron a ƙirji, zanen goyon a lulluɓe da shi. Babana na barci, bakinsa a buɗe, kumatunsa kwance a kan farin zomon, hannunsa ɗaya ya shaƙe masa wuya.

"Auta?" Yaya ta ɗaga gira tana duban ƙanenta. "Me ya faru? Wani abu na manta?"

"A'a, Yaya. Dama… zomon ne. Idonsa ɗaya bai zauna da kyau ba, shi ne ta ce bari ta gyara kafin ku tafi."

Yaya ta karkata kai ta dubi zomon, ta dube su. "Ido? Saboda idon 'yar tsana kuka rufe shago kuka keto rana? Kai Auta, auren nan ya taɓa ka."

"Yanzu za ta gama, Yaya. Miƙo shi kawai."

"Ba zan miƙo ba. Ka san wuyar da na sha kafin ya yi barcin nan? Tun da muka zo yake tsala ihu kamar ana yanka shi, har mutane suka fara yi mini kallon banza. Yanzu ya samu ya lafa. Ku bar shi da ido ɗaya, ai ba karatu zai yi ba."

Matar da ke kusa da ita ta yi dariya. Direba ya buɗe ƙofarsa ya shiga.

Tun da muka zo yake tsala ihu. Maganar ta daki Tela a ƙirji. Da safe yaron nan dariya yake yi. Ta dubi mijinta, ya girgiza mata kai kaɗan, idonsa na roƙonta. Injin motar ya tashi. Yaron ya motsa cikin barci, ya ƙara danna kumatunsa a cikin zomon.

"Akwai allura a ciki, Yaya!"

Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Duk mutanen motar suka juyo.

"Me kika ce?"

"Allura na manta a cikinsa, na ɗinke da ita. Don Allah ki raba shi da fuskarsa. A hankali, kada ki matsa."

Yaya ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Fuskarta ce ta sauya kamar an zuƙe mata jini. Ta sa yatsu biyu ta ɓamɓare hannun yaron, ta zare zomon ta kunne, ta miƙo ta taga ba tare da ta dubi wadda take miƙa wa ba. Yaron ya farka ya callara ƙara.

"Direba tsaya!" in ji wani dattijo daga baya. "Kashe motar nan, ana maganar rai."

Injiniya ya fito da maganaɗisun ya bi cikin zomon da shi, ya bi baya, ya bi kai da kunnuwa. Ya sake bi. Ya ɗago ya dube ta.

"Ba na jin komai."

"Ba ni."

Ta fito da almakashi ta farke ɗinkin da ta yi alfahari da shi jiya. Ta zaro audugar tana yagawa ƙanana-ƙanana a kan murfin motar, tana murza kowace tsakanin yatsu, tana addu'ar ta soke ta. Ta juye fatar zomon ciki ya koma waje. Ga ƙullin jan zaren hanci, ga sawun ɗinki. Babu allura. Ta ɗaga ƙyallen saitin rana, sai ta ga wani ɗan ƙaramin huji a gefen ciki, inda babu dalilin huji.

"Ta fita," ta ce. "Yaya, ta fita."

"Ta fita ta je ina?"

Kowa ya dubi yaron da ke ta miƙa yana ihu, fuskarsa ta yi jawur.

Yaya ta tsallake ƙafafun mutane ta diro daga motar. Wata mai sayar da lemo ta sauke kayanta daga benci ba tare da an roƙe ta ba. Aka shimfiɗa mayafin Tela, aka kwantar da yaron a kai. Yaya ta yi ta kokawa da maɓallin rigarsa ya ƙi ɓallewa, sai Tela ta kai hannu.

"Kada ki taɓa shi."

Tela ta janye hannun kamar ta taɓa wuta.

Mutane suka yi musu zobe, kowa da tasa. Wani ya ce a tafi asibiti a ɗauki hoto. Wata ta ce allura in ta shiga jiki tafiya take yi har zuciya, dattijon nan ya daka mata tsawa, "Ke, in ba ki da alheri ki yi shiru!" Yaya ta tuɓe yaron tsirara. Ta duba wuya, hammata, matsematsi, tsakanin 'yan yatsu. Ta sa ɗan yatsa ta buɗe bakinsa tana leƙawa, tana cewa, "Babana, yi haƙuri, buɗe in gani, yi haƙuri uban gidana." A ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ta ga wani ɗan jan ɗigo, kamar cizon sauro, da siririn karce a gefensa.

"Auta," ta ce da wata irin murya. "Duba nan. Shiga ta yi?"

Ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya kai maganaɗisun kusa da wurin, ya tsaya, hannunsa ya ƙi ƙarasawa. Tela ta ga tsoro yake ji kada ya jawo abin da ke ciki ya ƙara ɓarna.

Ita ta tilasta wa kanta tunani. Ta san yadda allura ke fita daga aiki: tsini ke fara leƙowa, sai ya kama duk ƙyallen da ke kusa, in an ja sai ta bi shi. Karce kuma ba shiga ba ne, wucewa ce.

"Yaya, da kuka taho tasha, a ina zomon yake?"

Yaya ba ta dube ta ba, amma ta amsa. "A cikin goyon. Ya ƙi sakinsa, na goya su tare."

"Kayansa. Injiniya, bi kayansa, bar jikinsa. Fara da zanen."

Ya bi 'yar rigar, babu. Ya bi wandon, babu. Matar da ke kusa da kujerar Yaya ta miƙo zanen goyon ta taga da yatsu biyu. Tela ta kama gefe ɗaya, dattijon ya kama ɗayan, suka miƙe shi. Injiniya ya fara jan maganaɗisun a kai a hankali, layi bayan layi, kamar mai guga. Tashar duk da hayaniyarta sai Tela ta daina jin komai, sai kukan yaron da bugun zuciyarta. Ya kai tsakiya. Ya wuce. Ya gangaro wajen lanƙwasar da ake naɗewa a sama.

Zanen ya ɗan ɗago ya manne da baƙin ƙarfen.

Ya sa farce ya zaro allurar daga cikin lanƙwasar. 'Yar ƙarama, siririya, da guntun jan zare a kafarta. Ya ɗaga ta sama. Tela ta karɓa ta duba tun daga kafa har tsini, ta sake dubawa.

"Cikakkiya ce," ta ce. "Ba ta karye ba. Babu abin da ya rage a jikinsa."

Wurin ya kaure da hamdala. Mai lemo ta tafa hannu, wani ya ce tsautsayi ne ya zo ya tarar da sauran kwana. Tela ta zauna a ƙasa daɓas, allurar a damƙe a hannunta har tana sukarta, ba ta ko ji ba.

Yaya ta ɗauki ɗanta ta manna a ƙirji, ta juya wa jama'a baya. Kafaɗunta kaɗai ake gani suna girgiza. Sai da yaron ya kama nono ya yi shiru sannan ta juyo, idonta jawur.

"Kai kuma," ta ce wa ƙanenta, "ido bai zauna ba, ko? Ni za ka kalla ka yi wa ƙarya a kan ɗana? Da ta biye maka, da yanzu na mayar da shi cikin zanen nan na ɗaure tamau."

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Yaya."

"Kuskure." Ta ja tsaki.

Tela ta matso a durƙushe. "Yaya, ki yafe mini. Laifina ne ni kaɗai, shi…"

"Ban tambaye ki ba."

Direba ya leƙo ya ce, cikin ladabin da ba a san direbobi da shi ba, "Hajiya, in an gama, rana na yi." Yaya ta sa wa yaron riga. Zanen kuwa ta ƙi karɓa, duk da an ƙara bin sa da maganaɗisu gaba da baya, ta ce a ba ta tawul daga jakarta. Ta shiga ta zauna a wurinta, ta kafa ido a gaba. Fatar zomon da tarin audugarsa suna kan murfin motar, direba ya fito ya share su da gefen hannu suka zubo ƙasa. Tela ta tsince su ta cusa a jaka, ba ta san dalili ba.

Motar ta fara mirginawa. Tela na tsaye gefen mijinta, babu mayafi, tana jiran ko kallo ɗaya. Har bas ɗin ta kusa ƙofar tasha ba a waiwayo ba. Sai gilashin ya zuge, kan Yaya ya leƙo.

"Auta!"

Ya ruga ya bi motar. "Na'am, Yaya?"

"Ka dubi ƙafar yarinyar nan, takalmi ɗaya ne da ita, ɗayar kuma jini take yi. Ka biya da ita kemis a wanke mata kafin ku je gida, sakarai kawai."

Gilashin ya rufe, motar ta hau titi. Tela ta sunkuya ta dubi ƙafarta ta hagu. Babban yatsan ya fashe, ƙura ta manne a jinin, kuma sai a lokacin ta fara jin zafinsa.